Ƴar na'urar da ke gadin allurar rigakafi a firigo: yadda ake karanta ta da yadda ake buga bayananta



Duk uwar da ta taɓa kai yaro awo a CSI ta san firigon nan da ke kusurwar ɗakin rigakafi, wanda ba a yarda kowa ya sa ruwan sha a cikinsa ba. In kun lura lokacin da majo ya buɗe shi, akwai wata ƴar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, ajiye cikin kwando tare da kwalaben allura. Da yawa sun ɗauka agogo ce. Ma'aunin sanyi ce mai riƙe lissafi. Dare da rana tana auna sanyin firigon tana ajiyewa, har na lokacin da kowa ya tafi gida, har na ranar Lahadi da ranar salla. Yau za mu yi bayanin yadda ake karanta abin da ta ajiye, da yadda ake fitar da shi a buga a takarda, da kuma abin da ya shafe mu a ciki, mu iyayen yara.

Me ya sa sai an auna?

Ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya, OMS, ita ce a gidan likita a ajiye allurar rigakafi tsakanin digiri +2 da digiri +8. In zafi ya wuce haka ya daɗe, ƙarfin allurar yana raguwa, kuma abin da ya ragu ba ya dawowa ko an maida ta cikin sanyi. Maganin shan inna da ake ɗigawa a baki shi ya fi kowane rashin jure zafi.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, sanyi ma in ya yi yawa yana kashe allura. Penta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar, da allurar dahi ta mata masu ciki, da ta ciwon huhu, da ta shan inna wadda ake yi da tsinke, duk in suka daskare sau ɗaya sun lalace ke nan.

Kuma ba a gane wannan da kallo. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan ido bai san komai ba. Kwalbar da ta lalace da lafiyayya sau da yawa kamarsu ɗaya. Za a yi wa yaro allura, ya yi kukansa, a rubuta masa a karne, uwa ta koma gida hankali kwance, alhali jikin yaron bai samu garkuwar da ake zato ba. Sai ranar da ƙyanda ta shigo gari a gane, lokacin kuwa an makara.

Hanyar da allura ke bi kafin ta iso hannun yaronku

Shirin rigakafin yara na duniya ya soma a 1974, kuma shi ne wanda muke kira PEV a nan Nijar. Allurar tana sauka a Yamai, a ajiye ta a manyan ɗakunan sanyi na ƙasa. Daga nan a ɗauke ta zuwa jihohi, daga jiha zuwa gundumar lafiya, daga gunduma zuwa CSI, daga CSI kuma a sa ta cikin akwatin sanyi a bayan babur zuwa ƙananan gidajen likita da rugage. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, zuwa Diffa kuwa ya haura kilomita 1,300. Ko a cikin Yamai, inda gundumomin lafiya biyar suke kusa da ma'ajiyar ƙasa, bazara ba ta sassauta wa kowa: a Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a inuwa.

Ga kuma maganar wuta. Mazauna Yamai ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo mana, wadda a sa'ilin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi, kuma ba a maido ta ba sai a 2024. Ko ba wannan ba, ɗaukewar wuta a bazara abu ne da kowa ya saba da shi. A kowane zango na wannan doguwar hanya sanyi yana iya yankewa, kuma na'urar da muke magana a kai ita ce shaidar da ke wurin lokacin da abin ya faru.

Wace irin na'ura ce?

A da, ma'aunin da ake sawa a firigo yana nuna sanyin lokacin da ka duba shi ne kawai. In wuta ta ɗauke da ƙarfe goman dare ta dawo da asuba, kafin majo ya iso da safe firigo ya sake yin sanyi, ma'auni ya nuna +5, kowa ya ce lafiya lau. Saboda haka ne OMS ta ba da shawarar a koma ga ma'auni mai riƙe lissafin kwana 30.

Wadda aka fi gani ita ce mai suna Fridge-tag 2, ƙirar kamfanin Berlinger na ƙasar Suwis. Akwai kuma LogTag, ƙirar ƙasar New Zealand. Aikinsu ɗaya, sai dai hanyar fitar da bayani ta bambanta. Za mu yi misali da ta farkon.

Tana da ƙaramin allo da maɓalli biyu: ɗaya an rubuta READ, shi ne na karantawa, ɗaya an rubuta SET, shi ne na saiti. A kan allon akwai ranar wata, da lokaci, da sanyin da ake ciki yanzu. Akwai kuma alama babba: ko dai alamar daidai, irin wadda malami ke yi wa ɗan makarantar da ya ci amsa, ko kuma alamar X. A saman allon an jera kwanaki, daga yau zuwa kwana 29 baya, kuma duk ranar da aka samu matsala wata ƴar kibiya takan tsaya a ƙarƙashinta.

Iyaka biyu aka saita mata. In zafi ya wuce +8 ya zauna haka har awa 10 a jere, za ta ɗaga alama. In sanyi ya sauka ƙasa da −0.5, wato rabin digiri ƙasa da sifili, ya zauna minti 60 a jere, nan ma za ta ɗaga alama. Ku dubi bambancin: an ba zafi awa 10, daskarewa kuwa awa ɗaya tak. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wanda ya fi saurin ɓarna.

Babu maɓallin goge abin da ta rubuta. Batirinta ba a canza shi. Tana aiki wajen shekara uku, daga nan sai a kawo sabuwa, don haka ya kamata majo ya san ranar ƙarewar tasa, ya nemi madadi tun da wuri.

Karatun safe da na yamma

Ƙa'ida ita ce a duba sau biyu kowace rana, da safe in an buɗe da kuma yamma kafin a rufe, kwana bakwai a mako, har da ranakun hutu.

Da farko a dubi babbar alama: daidai ce ko X? Sannan a karanta sanyin yanzu, a rubuta shi a takardar da ke manne jikin firigo, a gurbin wannan rana, a sa hannu.

Daga nan a danna READ sau ɗaya. Za ta nuna zafi mafi yawa da aka kai yau, tare da jimillar awoyi da mintocin da aka yi sama da +8. A sake dannawa, ta nuna sanyi mafi ƙasa na yau, da tsawon lokacin da aka yi ƙasa da iyaka. In aka ci gaba da dannawa sai ta koma jiya, sannan shekaranjiya, haka dai har kwana 30. Da safe, lissafin jiya shi ne mai muhimmanci, domin shi ne ya cika. A rubuta mafi zafi da mafi sanyi na jiya a takarda. In an gama, a maida ta mazauninta nan take, tsakiyar kwalaben da ke tsoron daskarewa, ba jikin bangon firigo ba, a rufe murfi.

Ga misali, don a gane. A ce ranar Litinin da safe allo ya nuna alamar daidai, sanyi +5.2. Majo ya danna READ, ya koma ranar Lahadi, sai ya ga +11.3 da 06:40. Ma'anarsa, jiya firigo ya kai digiri 11.3, kuma ya yi awa 6 da minti 40 a sama da iyaka. Ba a kai awa 10 ba, shi ya sa X bai fito ba. To amma wannan ba lafiya ba ce, gargaɗi ne. Ko dai wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ko murfin bai rufu sosai ba, ko robar bakinsa ta saki, ko ƙura ta lulluɓe faifan sola. Wanda ya tsaya ga kallon babbar alama kaɗai ba zai ga wannan ba sai ranar da abin ya wuce gyara.

Wani abin lura kuma: na'urar tana rufe lissafin kowace rana da ƙarfe 12 na dare. In zafi ya soma da ƙarfe takwas na dare ya kai huɗu na asuba, za a ga awa 4 a jiya, awa 4 a yau. Sai mai karatu ya haɗa su da kansa. Kuma dole ranar wata da lokacin da ke allon su zama daidai tun ranar da aka kunna ta, in ba haka ba duk lissafin zai faɗa kan ranakun da ba nasu ba.

In alamar X ta fito

Abu na farko, kada a yi wa kowa allura daga wannan firigon sai an bincika. Na biyu, kada a zubar da komai da garaje. A danna READ a gano ranar, a ga kibiyar ta sama ce ko ta ƙasa, a rubuta digirin da tsawon lokacin. A kwashe allurar zuwa wani firigo mai lafiya ko akwatin sanyi, a ware ta da alama, sannan a kira mai kula da rigakafi na gunduma. Shi ke yanke hukunci.

In zafi ne, ana duba tambarin da ke jikin kowace kwalba: ɗan da'ira mai duhu da murabba'i mai haske a tsakiyarsa. Tun 1996 aka soma manna shi a kwalaben maganin shan inna, daga baya ya game sauran. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, kuma wa'adin kwalbar bai ƙare ba, ana amfani da ita. In launinsu ya zo ɗaya, ko na cikin ya fi duhu, an daina.

In daskarewa ce, wannan tambari ba ya nuna komai, domin zafi kaɗai yake ji. Sai a yi gwajin girgizawa ga irin su penta da allurar dahi. Ana ɗaukar kwalba ɗaya ta kamfani ɗaya da lambar zubi ɗaya, a daskarar da ita da gangan har ta zama ƙanƙara, a bar ta ta narke, a rubuta mata alama. A haɗa ta da kwalbar da ake tuhuma a hannu ɗaya, a girgiza kamar daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe a wurin haske. In garin da ke cikin wadda ake tuhuma ya kwanta da sauri kamar na wadda aka daskarar, ta lalace. In ya fi jinkirin kwanciya, tana nan da ƙarfinta.

Sau da yawa daskarewa daga kyakkyawar niyya take fitowa. A bazara wani ya murɗa makunni don ƙara sanyi, ya manta, hunturu ya shigo, dare ya yi sanyi, firigo ya wuce gona da iri. Ko kuma a sa kwalabe a akwatin fita ƙauye jikin robobin ƙanƙara da aka ciro yanzun nan. Ƙa'ida ita ce a bar robobin a waje tukuna, har in an girgiza a ji motsin ruwa a ciki.

Fitar da bayani a buga a takarda

Allon yana nuna kwana 30, amma abin da Fridge-tag 2 ke fitarwa a kwamfuta ya kai na kwana 60. Shi ya sa ake so a fitar sau ɗaya kowane wata. In aka bar ta ta wuce wata biyu, sababbin kwanaki sun ture na baya, kuma ba a sake samunsu.

Na'urar tana da nata bakin USB a jiki. A kunna kwamfuta tukuna, a kawo ta kusa, sannan a ciro na'urar daga firigo a soka. Ba a buƙatar intanet, ba a buƙatar sa wata manhaja. Bayan ɗan lokaci za ta bayyana kamar yadda ƴar ma'ajiyar waƙoƙi da hotuna ke bayyana, a ciki akwai rahoto a tsarin PDF. A kwafe shi zuwa cikin kwamfutar, a sa masa suna mai ma'ana: sunan CSI, da wane firigo ne in sun fi ɗaya, da wata da shekara. A cire na'urar a maida ta firigo ba tare da ɓata lokaci ba. Bugawa daga baya ne, daga kwafin da aka ajiye. LogTag ita kuma sai an ɗora ta kan wani ɗan mazauni da ke haɗe da kwamfuta, kuma da manhajarta ake buɗe bayanin.

A ƙauyen da babu kwamfuta, hanyar da ta fi ita ce mai kula daga gunduma ya zo da tasa ranar zagaye, ya kwafa a nan take, ya buga in ya koma. Abin da bai dace ba shi ne a sa na'urar a aljihu a tafi da ita gari. Firigo zai wuni ba mai gadi, ita kuma za ta rubuta zafin hanya kamar na firigo ne.

In takarda ta fito, a soma da samanta: lambar na'urar da ke rubuce ta yi daidai da wadda ke jikin ta firigon? Daga nan kowace rana tana da layinta: matsakaicin sanyi, da mafi ƙasa, da mafi sama, da tsawon lokacin da aka fita iyaka, da ko an ɗaga alama. A ƙarshen layin akwai gurbin sa hannu da rubuta matakin da aka ɗauka. Wannan gurbi kada a bar shi wayam. In ranar 14 ta nuna zafi, a rubuta da biro abin da ya faru da abin da aka yi.

Sannan a ɗora wannan takarda kusa da wadda aka cika da hannu, a gwada su. In ta hannu ta nuna +5 safe da yamma wata guda cur, ta na'ura kuma tana hawa tana sauka, to an san a zaune aka cika ta. A duba kuma abin da ke maimaita kansa. Zafi duk ranar kasuwa yana nufin ana yawan buɗe firigo. Sanyi da ke matsowa kusa da sifili duk asuba yana nufin a gyara makunni. Firigon da kullum yake +7 zuwa +8 kuwa ya soma gajiya, a kira mai gyara tun bai tsaya ba. Kwafi ɗaya ya tafi gunduma tare da rahoton wata, ɗaya ya zauna a CSI. Shawarar OMS ita ce a adana irin waɗannan takardu aƙalla shekara uku.

Ai an ce akwai allurar da ba ta buƙatar sanyi?

Akwai ƙamshin gaskiya, amma a yi hattara. Allurar sanƙarau mai suna MenAfriVac, wadda aka soma yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, ita ce ta farko da aka amince a fita da ita ba ƙanƙara, har kwana huɗu, in zafi bai wuce digiri 40 ba. An fara gwada haka a 2012 a Banikoara, arewacin Benin. To wannan izini ne na musamman, ga allura ta musamman, a lokacin gangami, kuma ko a nan akwai alamar da ake sawa a akwati mai nuna in an wuce 40. Sauran na yau da kullum, har da ta zazzaɓin cizon sauro da aka ƙaddamar a Gaya a watan Satumban 2024, suna nan kan +2 zuwa +8. Mu da muka ga annobar sanƙarau ta 2015, wadda ta kama sama da mutum 8,000 ta kuma kashe sama da 500 a ƙasar nan, Yamai a sahun gaba, mun san darajar kwalba ɗaya mai rai.

Namu aikin, mu mutanen gari

Kwamitin COGES na kowane gidan likita yana da damar ya tambaya. Ba sai mutum ya iya faransanci ba kafin ya bambance alamar daidai da X, ko ya ga an cika takardar jikin firigo ta yau. A taron wata, a ce wa majo: ranka ya daɗe, a nuna mana takardar sanyi ta watan jiya. A yi tambayar cikin girmamawa. Majon da ya ba da rahoton X aikinsa ya yi, kuma ya cancanci a gode masa. In muka maida abin laifi, gobe ɓoyewa za a yi, yaranmu kuma su za su biya. Haka in ya ce yau babu allura sai an bincika, ki yi haƙuri, uwar gida, ki tambayi ranar dawowa. Kuma kada a matsa wa ma'aikata su ajiye ruwa ko lemo ko naman layya a wannan firigo, ko na wane ne.

Ku kuma ƴan uwa da ke Legas, Akara, Abijan, Libiya, Makka da Faransa, masu haɗa kuɗi don taimaka wa gidan likitan garinku, Allah ya saka da alheri. Sai dai kafin ku sayi firigo, ku tuntuɓi gundumar lafiya. Firigon gida, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira firiji, sanyinsa ba daidai yake ko'ina ba: wani gefen yana daskarar da abu, kuma da wuta ta ɗauke ba ya daɗewa yake hucewa. Na rigakafi ƙira ce daban, wadda OMS ta tantance, kuma akwai mai aiki da hasken rana kai tsaye ba tare da batir ba. Wani lokaci ma abin da aka rasa bai kai haka tsada ba: kuɗin mai gyara, ko tawada da takardar bugawa, ko yaron da zai riƙa share ƙurar faifan sola. In kun kira gida, bayan kun tambayi lafiyar yara da ko an kai su awo, ku ƙara da tambayar ko firigon CSI yana aiki, da ko ana karanta na'urarsa safe da yamma.

Mai ƙarin tambaya ya je wurin majon CSI mafi kusa da shi. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu lafiya da zama lafiya.